Kulob ɗin da ya sauke tukunyar nama: yadda masu bincike ke warware labarin Forest Green Rovers

A kudu maso yammacin Ingila, cikin gundumar Gloucestershire, akwai wani ɗan gari mai suna Nailsworth wanda mutanensa ba su wuce dubu 6 ba. A kan tudun da ke bayan garin akwai filin ƙwallo mai cin 'yan kallo wajen dubu 5, gidan wata ƙungiya da aka kafa tun 1889, Forest Green Rovers. Ta shafe shekara fiye da ɗari ba wanda ya san da zamanta sai maƙwabta. Yau kuwa sunanta ya zaga duniya, har ɗaliban jami'a na rubuta kundin bincike a kanta, saboda abu guda: a kicin ɗinta ba a dafa nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madarar shanu, ko ga 'yan wasa ko ga 'yan kallo.

A 2022 ƙungiyar ta zama zakara a rukuni na huɗu na ƙwallon Ingila, masu sha'awar tsarin abincinta suka ce ga shaida nan. A 2023 ta ƙare a ta ƙarshe a rukuni na uku, ta faɗo. A 2024 ta sake ƙarewa a ta ƙarshe, ta fice daga jerin ƙungiyoyi 92 na manyan rukunoni huɗu, masu adawa da tsarin su ma suka ce ga shaida nan. Amma abincin da aka ci a shekarar ɗaukar kofi shi aka ci a shekarun faɗuwa. Abin da bai canza ba ba zai zama dalilin hawa kuma ya zama dalilin sauka ba. Daga nan aikin mai bincike yake farawa. Tambayoyi uku ne suka cuɗe wuri ɗaya: yadda ake tafiyar da kulob, wanda yake biyan kuɗi da abin da yake saye da kuɗinsa, da abin da abinci yake yi wa jikin ɗan wasa. Kowace tana da masananta da ma'auninta. Sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ake gane inda gaskiya take.

Mu fara da shugabanci. A 2010 kulob ɗin yana cikin matsin kuɗi, sai wani ɗan kasuwa mai suna Dale Vince ya sayi mafi yawan hannun jarinsa, ya zama shugaba. Vince shi ya kafa Ecotricity a 1995, kamfanin da ke sayar da lantarkin da ake samarwa daga iska da rana, kuma hedikwatarsa na garin Stroud da ke kusa. Bai kawo sauyi a rana ɗaya ba. A 2011 aka cire jan nama daga abincin 'yan wasa, sannan daga rumfunan filin. Sai a 2015 aka kammala cire duk abin da ya fito daga jikin dabba. A tsakanin nan aka kafa farantan sola a rufin filin, aka daina zuba wa ciyawar fili takin zamani da maganin ƙwari, aka fara tara ruwan sama don ban ruwa, aka kuma sauya launin rigar daga zanen baƙi da fari zuwa kore shar. Wasu tsofaffin magoya baya ba su ji daɗi ba, kuma suna da hujja, domin kulob ba shago ba ne. Mutum yana gadonsa daga mahaifinsa, yana ganin yana da haƙƙi a cikinsa ko da bai mallaki sisin jari ba.

Masana tattalin arzikin wasanni sun daɗe da gane haka. Tun 1971 Peter Sloane ya rubuta cewa kulob ɗin ƙwallo a Ingila ba riba yake bi ba irin ta sauran kamfanoni, abin da shugabanninsa ke nema shi ne nasara a fili da suna da cikar 'yan kallo, muddin dai ba a rufe ƙofa ba. A 2012 wasu masana biyu 'yan Denmark, Rasmus Storm da Klaus Nielsen, suka ƙara wani mataki. Suka ari tunanin János Kornai, masanin tattalin arziki ɗan Hungary wanda ya yi nazarin masana'antun gwamnati a ƙasashen gurguzu, ya lura cewa ba sa tsoron asara domin sun san hukuma za ta cike giɓi. Storm da Nielsen suka ce haka manyan kulob-kulob na Turai suke: suna kashe fiye da abin da suke samu shekara da shekaru, amma da wuya su mutu, saboda kullum akwai wani attajiri ko banki ko hukumar gari da za ta ɗauki bashin. Mai bin gasar Najeriya ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Mafi yawan ƙungiyoyinmu, har da Kano Pillars, mallakar gwamnatocin jihohi ne, kuma ƙarfinsu yana bin yadda mai riƙe da asusu ya waiwaye su.

Sai kuma abin da Stefan Szymanski ya gano, wanda ya bazu ta littafin Soccernomics da ya rubuta tare da Simon Kuper a 2009. Ya tattara lissafin albashin 'yan wasa na ƙungiyoyin Ingila na tsawon shekaru, ya jera shi kusa da matsayin kowace ƙungiya a teburi, sai ya ga cewa yawan albashi kaɗai yana bayyana kusan kashi 90 cikin 100 na bambancin matsayi. A kula, wannan lissafi na matsakaicin shekaru masu yawa ne. A kaka ɗaya sa'a da rauni da hannun koci suna iya juya al'amari. Amma idan aka ja zaren ya yi tsawo, mai biya da yawa shi ke zama sama.

Da waɗannan ma'aunai a hannu, labarin Forest Green ya daina zama abin mamaki. Ƙungiyar ƙaramin gari ta samu mai gida wanda aljihunsa ya fi na yawancin abokan karawarta a rukuni na biyar, ta ɗauki 'yan wasa masu tsada, ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofa har a watan Mayun 2017 ta doke Tranmere Rovers da ci 3 da 1 a Wembley, ta shiga rukuni na huɗu. Nailsworth ya zama gari mafi ƙanƙanta da ya taɓa samun ƙungiya a wannan mataki. Da ta hau rukuni na uku a 2022 kuwa, sai ta tarar da ƙungiyoyin manyan birane irin su Sheffield Wednesday da Derby County da Ipswich Town, waɗanda 'yan kallonsu a wasa ɗaya sun ninka mutanen Nailsworth gaba ɗaya sau da yawa. Ga shi kocin da ya kai ta, Rob Edwards, ya koma Watford tun kafin a fara kakar. Daga tafiyarsa zuwa watan Janairun 2024 an naɗa koci na dindindin har biyar: Ian Burchnall, Duncan Ferguson, David Horseman, Troy Deeney wanda wasa shida kacal ya jagoranta, sai Steve Cotterill. Kowane koci da irin 'yan wasan da yake so da salon da yake bugawa. Wanda ya ga wannan jerin sunaye ba ya buƙatar leƙa tukunya kafin ya fahimci dalilin faɗuwa.

Yanzu ga tambaya ta biyu, wadda a ganina ta fi kowace ban sha'awa, domin a nan ne barin nama ya yi aiki na zahiri wanda ake iya gani. Me kamfani yake saye idan ya ɗauki nauyin ƙungiya?

Amsar farko mai sauƙi ce: yana sayen ido. Tun da Liverpool ta sa sunan Hitachi a ƙirjin rigarta a 1979, ana lissafin mutum nawa za su ga tambari, na tsawon minti nawa. Idan wannan ne kaɗai ma'auni, ƙungiyar da 'yan kallonta ba su wuce dubu biyu ko uku ba ba ta da abin sayarwa. To amma masu binciken talla sun nuna akwai abu na biyu. Kevin Gwinner a 1997, sannan shi da John Eaton a 1999, sun bayyana yadda kimar da mutane ke ba wa wasa ko ƙungiya take naso zuwa jikin kamfanin da ya jingina da ita. Bahaushe ya riga ya faɗi wannan da ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Abin da masu binciken suka ƙara shi ne hanyar aunawa. Ana raba mutane gida biyu, a nuna wa kashi ɗaya tallan kamfani haɗe da wasan, ɗaya kashin kuma a nuna masa tallan shi kaɗai, sannan a ba kowa jerin siffofi ya zaɓi waɗanda suka dace da kamfanin. Idan siffofin wasan sun fi bayyana a amsar kashin farko, an san nason ya faru. Sun kuma ga cewa yana ƙaruwa idan akwai kama tsakanin kamfanin da abin da ya ɗauki nauyi.

A 2000 Richard Speed da Peter Thompson suka bi wannan sawu, suka gano abubuwan da ke sa mai kallo ya karɓi mai ɗaukar nauyi. Biyu daga ciki sun fi shafar zancenmu. Na ɗaya dacewa: shin mutum yana ganin alaƙa mai ma'ana tsakanin kamfanin da ƙungiyar? Na biyu ikhlasi: shin yana jin kamfanin ya damu da abin da gaske, ko kasuwa kawai ya zo ci? Sun kuma lura cewa kamfanin da ake ganin tambarinsa a kowane fili da kowace riga tasirinsa yana raguwa.

A ɗora wannan a kan Forest Green. Ƙungiyoyi 24 ne a rukuni na huɗu, kuma ga kamfanin da ke nesa duk kamarsu ɗaya. Guda ce kawai hukumar FIFA ta kira a 2017 da kulob mafi kula da muhalli a duniya, guda ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shaida a 2018 a matsayin kulob na farko da ya daidaita hayaƙin da yake fitarwa da wanda yake biyan diyyarsa. Kamfanin da ke sayar da madarar hatsi kamar Oatly, ko mai sayar da madadin nama kamar Quorn, idan ya tsaya kusa da wannan ƙungiya ba ya buƙatar yi wa kowa bayanin dalili, ga kuma jaridun ƙasashen waje da ke zuwa ɗaukar labarin da ba za su taɓa zuwa ɗauka a wani filin rukuni na huɗu ba. Haka rigar da aka saƙa da zaren gora a 2019, da wadda aka haɗa da tukar kofi a 2021, kowace ta zama labari. A watan Satumban 2020 Héctor Bellerín, ɗan bayan Arsenal a lokacin, wanda shi ma ya bar cin kayan dabba, ya sa jari ya zama na biyu a yawan hannun jari. Ƙaramar ƙungiya ta samu abin da kuɗin talla ba ya iya saye cikin sauƙi, wato a san ta da wani abu guda tak.

Sai dai mai bincike ba ya tsayawa a yabo, kuma akwai wurare biyu da yake sa alamar tambaya. Na farko, sunan da ya daɗe a ƙirjin rigar shi ne Ecotricity, kamfanin mai kulob ɗin. Idan kuɗi ya fito daga aljihun dama ya shiga na hagu, da wuya a ce ga farashin da kasuwa ta yanka. Wannan matsala ba ta ƙananan ƙungiyoyi kaɗai ba ce. Ita ta sa gasar Firimiya ta kafa doka a watan Disamban 2021, bayan da aka sayi kulob ɗin Newcastle, cewa duk yarjejeniyar talla da kamfanin da ke da alaƙa da mai kulob sai an duba ko farashinta ya yi daidai da na kasuwa. Saboda haka wanda yake son sanin ko tsarin Forest Green yana ɗaukar kansa dole ya ware kuɗin da ya zo daga baƙin kamfanoni daga wanda ya zo daga gida.

Na biyu, wanda ya yi suna da tsabta ana ganin ɗigon manja a rigarsa tun daga nesa. A 2020 kamfanin ruwan 'ya'yan itace Innocent ya sayi sunan filin, alhali kusan dukkan jarinsa na Coca-Cola ne, kamfanin da masu fafutukar muhalli ke yawan ambata kan sharar roba. Gasar da ƙungiyar ta buga shekara bakwai kuma sunan kamfanin caca take ɗauke da shi, Sky Bet, ko kulob yana so ko ba ya so. Shaidar daidaita hayaƙi ita ma tana da iyaka, domin wani ɓangarenta biyan diyya ne, ba daina fitarwa ba, kuma a harkar ƙwallo zirga-zirgar 'yan kallo ita ce babbar hanyar hayaƙi, abin da kulob ba shi da cikakken iko a kai. Ban kawo waɗannan don rage darajar abin da suka yi ba. Na kawo su ne domin ma'aunin ikhlasi da Speed da Thompson suka ambata yana yanka ta kowane gefe, kuma ƙungiyar da jarinta shi ne amanar mutane tana da abin asara fiye da wadda ba ta yi alkawarin komai ba.

Saura tambaya ta uku, ta jiki. Da farko a bambanta mutum biyu. Akwai wanda ya bar nama da kifi amma yana shan madara yana cin ƙwai. Akwai kuma wanda ya bar duk abin da ya fito daga dabba har zuma, shi ne Turawa ke kira vegan, kalmar da Donald Watson da abokansa suka ƙirƙira a Ingila a 1944. Irin na biyun ake dafawa a Forest Green. Ga mai karatu da ya tashi da tsire da kilishi da naman layya, ya kamata a faɗa a fili cewa ba hukuncin cin nama ake tattaunawa ba. Tambayar ta ma'auni ce: jikin da ke gudun wajen kilomita 10 a wasa ɗaya, sau biyu a mako wani lokaci, zai samu abin da yake buƙata daga tsiro zalla?

Mu bi buƙatun. Mafi girma ita ce makamashi, kuma mafi yawan man da tsoka ke ƙonawa a gudu mai ƙarfi daga sitaci yake fitowa. Kwamitin masana da hukumar UEFA ta tara, wanda ya fitar da bayaninsa a farkon shekarun 2020, ya ba da shawarar gram 6 zuwa 8 na abinci mai sitaci ga kowane kilo na nauyin ɗan wasa a jajibirin wasa. Mai kilo 70 ke nan yana neman gram 420 zuwa 560. Shinkafa, taliya, dankali, burodi, ayaba, duk tsiro ne, don haka a wannan fanni barin nama ba ya rage komai.

Inda ake muhawara shi ne furotin, sinadarin da ke gina tsoka da gyara ta. Kwamitin ya ce gram 1.6 zuwa 2.2 ga kowane kilo a rana. Ɗan wasanmu mai kilo 70 yana buƙatar aƙalla gram 112. Gram 100 na dafaffen naman kaza yana ba da kusan gram 30, gram 100 na dafaffen wake kuwa kusan 8. Da wake kaɗai zai dogara, sai ya ci kusan kilo ɗaya da rabi a yini, ciki ya cika tun buƙata ba ta biya ba. Ga kuma batun inganci. Furotin haɗin ƙananan tubala ne, tara daga cikinsu jiki ba ya iya ƙerawa sai an ci. Hatsi yana da ƙarancin ɗaya daga cikinsu, wake yana da ƙarancin wani daban, shi ya sa idan aka haɗa su kowanne ke cike giɓin ɗan'uwansa. Wake da shinkafa, ko ƙosai da koko, haɗi ne da iyayenmu suka iske tun kafin a san sunayen tubalan. Waken suya kuwa, wanda ake awara da shi, ya fi sauran yawa da cika. Abin da masu dafa wa 'yan wasa ke yi shi ne su haɗa iri-iri, su ƙara yawa kaɗan, su kuma yi amfani da garin furotin da aka tace daga waken suya ko fis.

Ko wannan dabara tana aiki? A Jami'ar São Paulo da ke Brazil an gwada, aka buga sakamakon a 2021. An ɗauki samari 19 da suka daɗe ba sa cin kayan dabba, da wasu 19 masu cin komai. An daidaita furotin ɗin kowa a kan gram 1.6 ga kilo, su na farko da garin waken suya, na biyun da na madara. Suka yi mako 12 suna ɗaga ƙarfe sau biyu a mako. Da aka auna girman tsokar ƙafa da ƙarfinta, ba a ga bambanci ba. A Jami'ar Hannover ta Jamus, a 2019, an gwada masu gudun motsa jiki daga rukunan abinci uku a kan keken gwaji, nan ma ƙarfinsu ya zo ɗaya. A lura da abin da sakamakon ya ce da abin da bai ce ba. Ya ce idan an tsara abincin da kyau ba a yin asara. Bai ce ana samun fifiko ba, duk da cewa fim ɗin The Game Changers na 2018 ya sa mutane da yawa sun ɗauka haka ne.

Akwai kuma abubuwan da gwajin mako 12 ba zai iya kamawa ba, kuma nan ne nake ganin ya kamata a fi yin hattara. Bitamin B12 ba ya samuwa a tsiro ta hanyar da za a dogara da ita. Hanta tana ajiye shi na shekaru, don haka wanda ya daina cin kayan dabba yau zai iya jin garau tsawon lokaci kafin ƙarancin jini da lalacewar jijiya su bayyana. Maganinsa ƙwaya ce ko abincin da aka ƙara masa sinadarin, kuma wannan ba zaɓi ba ne, dole ne. Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini yana nan a wake da ganye, amma hanji ba ya tsotsarsa da sauƙi kamar na nama. Lemo ko tumatir a gefen abinci na taimakawa, shayi a kan abinci na hanawa. Kiriyatin, wanda tsoka ke amfani da shi a gudun fanfalaƙi na daƙiƙoƙi, yana da ƙaranci a jikin marasa cin nama, kuma wani gwaji a Kanada a 2003 ya nuna su suka fi amfana idan aka ba su shi. Sai ƙashi: binciken EPIC-Oxford, wanda ya bi mutum kusan dubu 55 a Birtaniya na tsawon shekaru, ya ruwaito a 2020 cewa masu cin tsiro zalla sun fi masu cin nama haɗarin karaya da kashi 43 cikin 100, wani ɓangare saboda ramar jiki da ƙarancin kalsiyam da furotin. Waɗannan ba 'yan wasa ba ne, amma likitan kulob ba zai kau da kai ba. Shi ya sa ƙungiyar masana abinci ta Amurka, da ta ce a 2016 irin wannan abinci ya dace har da 'yan wasa, ta ɗaure maganar da sharaɗin cewa an tsara shi yadda ya kamata.

A nan zaren ɗaukar nauyi ya sake dawowa, ta ƙofar da ba a zata ba. Quorn, wanda ya yi hulɗa da Forest Green, ana yin sa ne daga wani nau'in naman gwari da ake rainonsa a manyan tankuna. Masu bincike a Jami'ar Exeter sun buga sakamako a 2020 da ke nuna furotin ɗinsa yana zaburar da ginin tsoka fiye da na madara a sa'o'in da suka biyo bayan motsa jiki, sannan a 2023 suka nuna cewa a horon mako 10 masu cin tsiro zalla mai yawan wannan furotin sun yi daidai da masu cin komai. Kamfanin da ke yin Quorn ne ya ɗauki nauyin binciken, kuma an bayyana haka a takardun. Wannan ba ya nufin sakamakon ƙarya ne. Amma a 2007 Lenard Lesser da abokan aikinsa sun duba takardu 206 kan lemon kwalba da ruwan 'ya'yan itace da madara, suka ga waɗanda masana'anta ta biya kuɗinsu gaba ɗaya sun fi waɗanda masana'anta ba ta sa kuɗi a cikinsu ba yiwuwar ƙarewa da abin da zai faranta wa mai biya rai, ninki huɗu zuwa takwas. Galibi ba lambobi ake murɗewa ba. Tasirin yana shiga tun wajen zaɓen tambayar da za a yi, da abin da za a kwatanta, da sakamakon da za a ɗaga sama. Haka yake ga masana'antar nama da ta madara, waɗanda su ma suke biyan nasu binciken. Don haka mai karatu ya fara duba ƙasan takarda ya ga wa ya biya, sannan ya nemi ko wasu da ba su ci kuɗin ba sun samu irin sakamakon. A batun tsoka, gwajin São Paulo da na Exeter sun nufi wuri ɗaya, wannan ne ke ba maganar nauyi.

Shaidar mutum ɗaya kuwa, komai shahararsa, ba ta yanke hukunci. Bellerín ya sha bayyana yadda ya ji daɗin jikinsa bayan sauya abinci, kuma a watan Janairun 2019 jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasa da Chelsea. Jin daɗin bai tabbatar da amfanin abincin ba, raunin ma bai tabbatar da illarsa ba, domin irin wannan rauni yana samun masu cin nama kowace kaka.

Don a ce ga tasirin abincin tsiro a kan ƙwararrun 'yan ƙwallo, sai an ɗauki 'yan wasa da yawa daga ƙungiyoyi daban-daban, a jefa ƙuri'a a raba su biyu, a kula da duk lomar da suke ci har a gidajensu na kaka guda ko fiye, ana auna gudu da rauni da jini. Kocin da aikinsa ke rataye a kan wasan Asabar mai zuwa ba zai miƙa rabin 'yan wasansa ga ƙuri'a ba, shi ya sa gwaje-gwajen da muka ambata aka yi su a kan ɗalibai da masu motsa jiki na sha'awa, galibi mutum ashirin ko arba'in, na 'yan makonni. Forest Green ma ba ta cike wannan gurbi, domin dokarta ta tsaya ne a kan abin da ake dafawa a filin wasa da wurin atisaye da tafiye-tafiyen kulob. Ɗan wasa idan ya koma gida yana cin abin da ya ga dama. Abin da tarihinta ya nuna shi ne ƙungiya ta ciyar da ƙwararrun 'yan wasa abincin tsiro a wurin aiki, ta buga kaka bakwai a jere a manyan rukunonin Ingila, wasa 46 a kusan kowace kaka ban da na kofuna, ta ɗauki kofi a ɗaya, ta zo ta ƙarshe a biyu.